Ciyayyar Sallar Layya a Birnin Pune

Ciyayya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Idan almuru ta yi, magidantan unguwa kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babbansu, kowane gida ya fito da akushinsa a jera, a ci na wannan a koma na wancan har a ga ƙarshensu. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba a ranar yakan zauna ya ci kamar kowa, ba mai tambayarsa ina nasa kwanon, kuma wannan rufin asiri yana cikin dalilan da suka sa al'adar ta daɗe. Sai dai ciyayyar gida tana da wani sauƙi da ba a cika lura da shi ba. Duk waɗanda ke kan tabarmar abu ɗaya suke ci, abu ɗaya suke ƙyama, saboda haka ba mai tsayar da hannu a bakin kwano yana tunanin me aka zuba a miyar. Wannan sauƙin ne wata ɗaliba ƴar Maraɗi ta rasa lokacin da ta ɗauri niyyar haɗa ciyayyar Sallar Layya a birnin Pune na ƙasar Indiya, a shekarar 2023.

Pune yana cikin jihar Maharashtra, kimanin kilomita 150 daga Mumbai, kuma birni ne na makarantu da ke karɓar ɗalibai daga Afirka da ƙasashen Larabawa. Ɗalibar ta kama hayar ɗaki da ɗan madafi a saman benen wata dattijuwa mabiyar addinin Hindu, saboda kusancinsa da makaranta da kuma sauƙin kuɗinsa. Sharaɗi ɗaya dattijuwar ta gindaya mata: nama da kifi da ƙwai ba za su ƙetare ƙofar gidan ba. Irin wannan sharaɗi ba baƙo ba ne a can. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021, kashi 39 cikin ɗari na manyan Indiyawa sun ce ba sa cin nama, a cikin mabiya addinin Jain kuwa adadin ya kai kashi 92.

Ta karɓi sharaɗin ba tare da ya dame ta ba, har ma ya zame mata hutu. Musulmin da ke zaune a baƙuwar ƙasa ya san wahalar tambaya a kan kowace loma, ko naman na mene ne, ko wa ya yanka shi, ko da wane mai aka soya. A Indiya doka ta tilasta a sa alama a jikin duk abincin da ke cikin leda ko gwangwani: koren ɗigo a cikin murabba'i yana nufin babu nama a ciki, alama mai ruwan ƙasa kuma tana nufin akwai. Da wannan koren ɗigon ta yi watanni tana sayayya hankali kwance. Idan kwaɗayi ya taso mata sai ta hau a-daidaita-sahu zuwa Kondhwa, unguwar da Musulmi suka yi yawa, ta ci namanta a can ta dawo.

Sallar Layya ce ta mai da abin ya yi nauyi, domin wanda ya tashi a Nijar ya san ranar da ƙamshinta. Bayan an sauko daga idi ana yanka raguna, a feɗe, a buɗe kowane rago a ɗaure shi a jikin itace biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da babbar wuta a bakin titi, su wuni suna gasuwa a hankali. Ranar farko kayan ciki ake soyawa a ci. Washegari ake sassara naman, yara su ɗauki kwanoni suna shiga gida-gida da rabon maƙwabta da dangi da mabuƙata, suna dawowa da tukwici. Yarinyar da ta yi shekaru tana cikin masu kai kwanon nan ba za ta ji an ce Sallah ba tare da hayaƙin ya faɗo mata a rai ba.

Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe, domin wani iyali a Kondhwa sun gayyace ta. Abin da ya hana ta wucewa can ta manta da kowa shi ne wani bashi da take jin yana wuyanta. A shekararta ta farko zazzaɓin dengi ya kwantar da ita a asibiti, ba uwa ba uba a kusa. Waɗanda suka yi jinyarta su ne wata abokiyar karatunta ƴar Gujarat mabiyar Jain, da wata Bahabashiya Kirista, da dattijuwar nan mai gida, wadda ta riƙa aiko mata da abinci safe da yamma. Sun gayyace ta bukukuwansu, sun ciyar da ita, ita kuwa ba ta taɓa zaunar da su a kan tata tabarmar ba. Ta ga cewa idan babbar ranarta ta zo ta kuma tafi ba tare da sun ci komai daga hannunta ba, to ta zama mai karɓa kullum, kuma ba haka aka rene ta ba.

Mako guda kafin Sallah ta gaya wa mahaifiyarta a waya. Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu ke ƴar nan, ranar Sallah guda ki tara mutane ki ba su wake da ganye? Ko kuɗin ne suka ƙare ki faɗa mini gaskiya?" Ta ce, "A'a Inna, wallahi lafiya lau nake. Su ne ba sa cin nama." Uwar ba ta gamsu ba, kuma tana da hujjarta. A idon Bahaushe nama shi ne ma'aunin girmama baƙo, shi ya sa ake yanka wa baƙo kaza ko da ita kaɗai ta rage a gidan. Harshen ma ya tanadi kalmomin rashi: gaya shi ne tuwon da ba miya, lami shi ne abincin da ba ɗanɗano, garau-garau kuwa sunan shinkafa da wake ne idan ba su sami mahaɗi ba sai mai da yaji. Bayan haka matar ta ga yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, lokacin da mutanen karkara suka koma ga ganyaye da ƴaƴan anza. Wadda ta ga wannan, in an ce mata ganye ranar Sallah, abin da take ji daban ne da abin da ƴarta take nufi.

Ƙawarta ƴar Garwa ta ƙasar Kamaru, wadda da ita kaɗai take Hausa a duk makarantar, ita ma ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce Sallar da ba nama ai azumi ne aka sake wa suna. Sun daɗe suna muhawara, a ƙarshe suka tsaya a kan abin da dukansu suka koya tun suna makarantar allo. A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, ɗalibar da ke lissafin kuɗin haya kuwa ba a ɗora mata ba. Ta riga ta aika da ɗan abin da ta tara gida don a cika kuɗin ragon mahaifinta. Kwanakin yanka kuma uku ne, saboda haka wanda ke son nama yana da gobe da jibi. Suka yi yarjejeniya cewa ranar farko ta ciyayya ce, rana ta biyu su tafi Kondhwa tare.

A shekarar an yi Sallar a Indiya ranar Alhamis, 29 ga Yuni, kuma ta faɗo rana ɗaya da Ashadhi Ekadashi, babbar ranar azumi ga mabiya Hindu a Maharashtra. A ranar ne dubun dubatar masu ziyarar ibada ke isa garin Pandharpur bayan tafiyar ƙafa ta kusan mako uku, kuma ayarinsu yakan ratsa ta cikin Pune. A garuruwa da ƙauyuka da dama na jihar, Musulmi da kansu suka sanar cewa za su jinkirta yanka zuwa washegari saboda maƙwabtansu. Jin wannan labari ya ƙara wa ɗalibar ƙarfin guiwa, domin ta ga abin da ta ƙudura a ɗan ɗakinta wasu sun riga ta yin sa a gari guda.

Da ta fara bin baƙin ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da kowa ke ci, sai ta tarar cire nama shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Dattijuwar tana azumin Ekadashi, wanda ba a cin hatsi ko dangin wake a cikinsa, amma ana cin dankali da gyaɗa da madara da ƴaƴan itace. Ƴar Gujarat ba ta cin abin da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa kamar albasa da tafarnuwa da dankali da ɗanyar citta, saboda addininsu ya tsananta wajen kauce wa kashe ko da ƙananan halittu, kuma ba ta cin abinci bayan faɗuwar rana. Bahabashiyar tana cikin azumin Manzanni na cocin Orthodox ta Habasha, wanda ke farawa bayan Fentikos ya kai kusan tsakiyar Yuli, ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Dankalin da ya halatta ga ta farko ya haramta ga ta biyu, madarar da ta biyu ke sha ta uku ba ta taɓa ta. Ta shida a cikinsu ƴar Sudan ce, Musulma, ba ta da abin da take ƙi, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu kuɗi suka daina zuwa mata daga gida.

Ɗalibar ta yanke shawara uku. Za a zauna cin abinci da ƙarfe biyar da rabi, tun da a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Pune sai bayan ƙarfe bakwai. Kowane kwano za a ajiye takarda a gefensa da sunan duk abin da aka zuba a ciki, har gishiri da mai. Ƴar Sudan kuwa ba ta ce mata ta kawo komai ba. Ta roƙe ta ta zo da wuri ta taya ta aiki, ta kuma sayi kayan girkin da za ta buƙata ta ajiye a madafi, don ita ma ta fito da nata kwanon kamar kowa.

A kasuwa ne ta ga yadda tukunyar Maraɗi da ta Maharashtra suke da dangantaka. Geron da Indiyawa ke kira bajra shi ne geron Nijar, kuma a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara noma shi kafin ya isa Indiya dubban shekaru da suka wuce. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, ita ce ma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Dawa tana nan da sunan jowar, farin wake yana nan da sunan chawli, ga kuɓewa, ga tsamiya, ga riɗi, ga gyaɗa tuli. Zogale kuwa asalinsa ma daga can ne, sai dai su sun fi dafa dogayen ƴaƴansa a miya, kuma akwai bishiyarsa a bayan gidan dattijuwar. Kuka da daddawa da kanwa da busasshen zoɓo ne kawai ta ciro daga ƙullin da uwarta ta cusa mata a akwati ranar da za ta taso.

Ta ɓarza gero a injin markaɗe ta turara dambu da zogale, ta raba shi biyu, rabi da albasa rabi babu. Ta yi alala ita ma kashi biyu, a wadda ba albasa ta sa ɗan hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari da masu girkin Jain ke sawa a madadin albasa da tafarnuwa. Zoɓon ta haɗa shi da busasshiyar citta, domin ƙawar tata ta ce busasshiya ba laifi. Ƴar Garwa ta zo da tukunyarta, sai suka tuna an sha dafa nama a cikinta, aka mai da ita jaka aka yi amfani da ta gidan. Ta yi miyar ganyen ambadi, ɗan'uwan yakuwa da rama, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, irin miyar da ake ji da ita a arewacin Kamaru, ta tuƙa tuwon shinkafa. Dunƙulen ɗanɗanon da ta zo da shi daga gida mai hoton kaza ne, shi ma aka ajiye shi gefe, daddawa ta tsaya a madadinsa.

An shiga damina, saboda haka a ɗaki aka shimfiɗa tabarma aka jera kwanoni. Bahabashiyar ta kawo misir wot, miyar jan adas da yajinsu na berbere. Ƴar Gujarat ta kawo dhokla, wadda ake turarawa daga ƙullun wani irin wake, kuma da aka ajiye ta kusa da alala sai ka ce ƴan ɗaki ɗaya. Ƴar Sudan ta dafa ful ta haɗa salatin tumatir da niƙaƙƙiyar gyaɗa, ta ce a wurinsu dakwa ake kiran gyaɗar, Hausawan biyu suka dubi juna suna dariya saboda sun tuna dakuwar gida. Dattijuwar ta hau benen a hankali tana riƙe da kwanon sabudana khichdi, abincin masu azumi, wanda ake yi da ƴan ƙwayoyin sitacin rogo da dakakkiyar gyaɗa da dankali. Wannan ne karonta na farko da ta zauna cin abinci a ɗakin tun da ta ba da shi haya. Ɗalibar ta tare ta a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa Anti," ta zaunar da ita a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin.

A duk abin da aka jera, dabino kaɗai ne mutum shidan suka haɗu a kansa. Sauran kwanonin kowanne yana da wadda ta tsallake shi. Dattijuwar ba ta taɓa dambun da aka wuni ana turarawa ba, ta ci nata da ayaba, ta ce a ajiye mata dambun zuwa gobe idan ta buɗe baki. Duk da haka ba wadda ta zauna a takure. Kowace takan karanta takarda, ta miƙa hannu ko ta wuce, ba tare da ta tambaya ba kuma ba tare da an lallashe ta ba. Wannan na ƙarshen ya yi wa mai masaukin wuya ƙwarai, domin tarbiyyar Hausa ta koya mata cewa baƙo sai an matsa masa, a ce ƙara mana, ai ba ki ci komai ba. A wannan zama matsawar ce za ta zama rashin ladabi, sai ta riƙa haɗiye maganar duk lokacin da ta zo mata baki. Ƴar Gujarat ta gaya mata daga baya cewa ba ta taɓa cin abinci a gidan wanda ba Jain ba ba tare da fargaba ba sai ranar.

Da magariba ta yi, Musulmin uku suka tashi suka yi salla a gefen ɗakin, suka yi kabbarorin da ake yi bayan farilla a kwanakin Sallah, sauran suka yi shiru har suka idar. Bayan nan ne ƴar Sudan ta yi magana a kan gida, abin da ta yi wata biyu ba ta yi ba. Ta ce iyayenta sun bar Hartum, kwana tara ke nan ba ta ji muryarsu ba, kuma ba ta san ko sun sami abin da za su ci a ranar ba, balle rago. Ba wadda ta iya ce mata komai mai amfani. Dattijuwar ta jawo ta ta zaunar kusa da ƙafarta, ta ɗora mata hannu a ka, ta kira ta beta, wato ƴata, aka ci gaba da zama a haka har ruwan da ake yi ya tsagaita. A daren ba ta koma ɗakinta ba, a nan ta kwana.

Ciyayyar ba ta maye wa ɗalibar gurbin Sallar gida ba, kuma ba ta yi da'awar haka ba. Da dare ta buɗe hotunan da ƙaninta ya turo mata ta WhatsApp, ga raguna a jere kewaye da wuta a ƙofar gidansu, ga mahaifinta da babbar riga yana nuna wa yara inda za su ƙara itace, ta daɗe tana kallo ba ta iya barci ba. Washegari ita da ƴar Garwa da ƴar Sudan suka tafi Kondhwa suka ci naman akuya har suka ƙoshi. Abin da ciyayyar ta ba ta wani abu ne daban. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ta ga cewa idan baƙi ba addininsu ɗaya ba, shimfiɗar tana farawa tun kwanaki kafin su zo, da tambayar abin da kowa ba ya ci da kuma riƙe amsar da muhimmanci. Girman da uwarta take nema wa baƙi ta hanyar nama, waɗannan baƙin sun same shi a cikin tukunyar da aka sauya da albasar da aka cire.

Kafin su fita Kondhwa da safen, ta yi abin da aka saba yi a rana ta biyu a gida. Ta zuba sauran dambu da alala a ƙananan kwanoni, ta sauka ta kai wa dattijuwar nata, ta bi gidaje uku na maƙwabta da ba ta taɓa shiga ba ta miƙa musu, tana cewa na bikinsu ne kuma babu nama a ciki. A Indiya ba a mai da kwanon maƙwabci wayam. Cikin kwana biyu kwanonin suka dawo, ɗaya da alewar madara, ɗaya da soyayyar gyaɗa, ɗaya da ɗan sukari kawai saboda matar gidan ba ta yi girki ba. Ta ɗauki hotonsu ta aika wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta turo saƙon murya tana tambaya ko mutanen sun ci dambun da gaske, ko zogalen can yana da ɗaci kamar na gida, sannan ta ce idan an sami mai tafiya za ta aiko da ƙarin daddawa da kuka, tun da abin ya zama na jama'a.